Inda aikin manhajar adashe ya kai

'Yan uwa masu koyon Java, harshen rubuta manhaja, ga bayanin inda nake a manhajar adashen da nake rubuta wa gwaggona a nan Garwa. Yanzu tana karɓar zubi, tana nuna wanda kwasa ta zo kansa, tana kuma fitar da jerin waɗanda ba su kawo ba. Amma yawancin lokacin da na ɓata a 'yan kwanakin nan ya tafi ne wajen gyara tsarin abin da na riga na rubuta, kuma shi nake so mu tattauna.

Na fara da kuɗi. Sefa ba ta da ɓarin da ake kashewa a kasuwa, don haka babu dalilin ajiye ta a double, nau'in lamba mai ɗigo. Ku gwada da kanku, ku ce wa kwamfuta ta haɗa 0.1 da 0.2, za ta ba ku 0.30000000000000004. Ni long nake amfani da shi, nau'in cikakkiyar lamba marar ɗigo, kuma ban bar shi yana yawo tsirara a cikin kod ba, na gina masa class na kansa, wato tsarin da ke haɗa bayanai da ayyukansu, mai suna Kudi. Dalili shi ne mu a nan da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa biyar. Gwaggo za ta ce dala ɗari biyu, manhaja kuma ta ajiye 1000. In aka bar rabawa da biyar ɗin nan ta watsu a wurare goma, wata rana za a manta da ita a wuri guda, sai a ce wata ta ci bashin da ba ta ci ba. Yanzu juyawar tana wuri ɗaya tak, cikin aDala(). Adadin da ke ciki final ne, ba ya canzawa. In an haɗa kuɗi biyu sai a samu sabon Kudi. Wanda ke da Java 16, wadda ta fito a 2021, ko abin da ya biyo bayanta, record, wato gajeren class na riƙe bayanai, zai rage masa rubutu sosai a nan.

Sai maganar private, kalmar da ke hana taɓa abu daga wajen class. Na ga wasunmu suna sa private a kan komai don malami ya ce a sa, sannan su bi kowanne da set ɗinsa, wato hanyar canza shi daga waje. A ganina wannan bai tsare komai ba, kamar uwar adashe ce ta kulle akwati ta rataye makulli a jikinsa. A class ɗin Adashe babu setJimla() ko kaɗan. Hanya ɗaya ce kuɗi ke shiga, wato karbiZubi(), ita kuwa sai ta duba cewa mai zubin yana cikin adashen, adadin bai gaza abin da aka yanke ba, kuma bai riga ya zuba na wannan mako ba. In ɗaya ya saɓa, ta jefa IllegalArgumentException, wato kuskuren da ke tsayar da aikin, da bayanin da mutum zai gane. Duk wanda ya zo bayana, ko ni kaina bayan wata shida, ba shi da ta inda zai karya dokar.

Inda na fi daɗewa ina juya tunani shi ne gado, wato wani class ya gaji halayen wani. Akwai mai hannu ɗaya, akwai mai hannu biyu, akwai kuma mata biyu da suka haɗa hannu guda kowa rabi. Abin da ke fara zuwa rai shi ne a rubuta MambaMaiRabi extends Mamba. To amma wadda take da rabi a wannan zagaye tana iya ɗaukar hannu biyu a na gaba, in cinikin gyaɗa ya yi kyau, alhali a Java abu ba ya sauya class ɗinsa bayan an ƙirƙire shi. Ga kuma ƙa'idar da masaniyar kwamfuta Barbara Liskov ta gabatar a 1987, cewa duk inda uwa ta shiga, ya kamata 'yar da ta gaje ta ta iya shiga ba tare da aiki ya lalace ba. Mai rabi kuwa ba ta kwashe kuɗin zagaye ita kaɗai, sai an raba, don haka duk inda aka kira kwasa() sai an tsaya ana tambayar wace iri ce. Sai na ware Hannu ya zama class na daban: shi ke da ranar kwasa, shi ke riƙe da sunayen masu shi da kason kowa. Mamba kuma sunansa da lambar wayarsa kawai suka rage masa. Layukan if da yawa sun fita da kansu.

Sunaye kuwa, ku zaɓi harshe ɗaya. Mu da muka yi boko da Faransanci muna karanta darasi da Turanci, sai ka ga montant da total da jimla a fayil guda, duk abu ɗaya ake nufi. Ni Hausa na zaɓa, ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. Java tana karɓarsu, amma neman su a allon rubutu na Faransanci, AZERTY, wahala ce.

Ina rubuta gwaji da JUnit, kayan gwada kod, kafin in taɓa kowace doka, sannan in adana a Git, ma'ajiyar sauye-sauyen kod, da zarar ya wuce, saboda kun san halin wuta a lokacin zafi. Gwajin ne ya ba ni ƙarfin halin tsaga Mamba gida biyu.

Abin da ke gabana shi ne tarar makara. Gwaggo tana yafe wa wasu in an yi musu rasuwa ko haihuwa, wasu adasan kuma ba sa tara sam. Ina tunanin yin interface, wato tsarin da kowace dokar tara za ta bi, mai suna DokarTara, a miƙa wa Adashe wadda ta dace lokacin buɗe shi, yafiya kuma a rubuta ta daban tare da dalilinta da ranar da aka yi ta. Wanda ya taɓa warware irin wannan ta wata hanya, ina son ganin kod ɗinsa kafin in fara.