Ni da ƙananan yatsuna da neman saksofon

Wata bakwai na yi ina zargin kaina da rashin ƙwaƙwalwa, ashe hannuna ne bai kai ba. Ni dama tun ina yarinya a gida ake tsokanata wai hannuna kamar na 'yar tsana, zoben da ƙanwata take sawa a ƙaramin yatsa ni a na tsakiya yake zama min, to da wannan hannun na ce sai na koyi busa saksofon, kuma na farkon da na fara da shi aro ne, wani tsohon alto, wato ɗaya daga cikin kalolin saksofon, da ya daɗe a kwance a ɗakin ajiyar kayan kiɗa na cocinmu a nan Jos, ko sunan kamfanin da ya ƙera shi ya goge.

Abun da ke faruwa shi ne, duk sanda na zo busa wani sauti sai kawai ya yi wata ƙara kiiii kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na canza rid, wato ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin, na sa mai laushi, na gyara yadda nake kama shi da leɓe, duk a banza. Sai ranar da wani dattijo da ya yi ritaya daga ƙungiyar makaɗan 'yan sanda ya zauna ya zuba min ido ina busawa, ko minti biyu ban yi ba ya ce "'yata tsaya, tafin hannunki na hagu ne yake taɓa maɓallin D na sama." Wallahi sai da na ji kamar in yi kuka don daɗi. Akwai maɓallai uku da suke fitowa daidai tafin hannun hagu, na D da E filat da F na sama, wato sunayen sautukan da suke bayarwa, dole hannunka ya zagaye su kafin yatsunka su kai inda za su danna, to mai dogon yatsa yana yin rumfa a kansu ya wuce abinsa, ni kuma sai na kwantar da hannun gaba ɗaya kafin in kai, da na ɗan taɓa ɗaya sai ramin can sama ya buɗe kaɗan iska ta zurare, shikenan sauti ya lalace. Haka ma a hannun dama, akwai wasu uku a gefe da gindin manuniya ke yawan gogawa.

Da na gane haka sai na ce ai magani a gonar yaro, in nemi ƙarami kawai. Saksofon da aka fi sani kala huɗu ne, sofurano da alto da teno da bariton, daga ƙarami zuwa babba, sai na ƙwallafa rai a kan sofurano. Baba, wato dattijon nan, ya yi dariya ya ce in je in gwada dai. Na samu na wani na riƙe na kwana uku, gaskiya yatsu suna kaiwa ba wahala, amma miƙaƙƙen nan kusan duk nauyinsa a kan babban yatsan dama yake sauka ko da ka sa igiyar wuya, sannan bakinsa ɗan tsuke ne, da ka ɗan motsa leɓe sauti ya kauce, mai koyo irina sai ya yi ta fita layi bai ma sani ba. Na mayar masa da kayansa na yi godiya.

Daga nan ne na fara fahimtar cewa girman ƙahon da kansa ba shi ne babbar magana ba, inda aka dasa maɓallan ne. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro abun ya kuma yi masa rajista a Faransa a 1846, da waɗanda suka biyo bayansa har kusan shekara ɗari, a layi ɗaya ɗoɗar suke jera ramukan daga sama har ƙasa. Kamfanin Selmer na Faris ne wajen ƙarshen shekarun 1940 ya ɗan murɗa ramukan hannun dama zuwa gefe yadda za su dace da yanayin da hannu yake faɗowa da kansa, sannan samfurin Mark VI da suka fitar a 1954 ya zama shi ne kusan kowa yake kwaikwayon tsarinsa har yau. Wancan na aron da nake fama da shi irin tsohon tsarin ne, shi yasa wuyan hannuna yake ciwo bayan rabin awa. Kuma ko a cikin Selmer ɗin ma ba duka ɗaya ba ne, Mark VII da ya gaji VI a tsakiyar shekarun 1970 an san shi da manyan maɓallan ƙaramin yatsa, masu faffaɗan hannu suna yabonsa, irina kuwa sai dai kallo. Ba ma wai ina da kuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba fa, labari ne dai Baba ke ba ni muna shan shayi.

Wurin ƙaramin yatsan hagu nan ne fa ake yin ta. Yatsa ɗaya tal, mafi rauni a hannu, shi aka ɗora wa maɓalli huɗu, G shaf da C shaf da B da B filat na can ƙasa, kuma B filat ɗin shi ne mafi nisa. In za ki gwada saks 'yar'uwa, daga nan za ki fara, ki ajiye yatsu ukun nan a mazauninsu ki miƙa ƙaramin ki ga ko zai kai B filat ba tare da sauran sun tashi ba, in har sai kin juya wuyan hannu gaba ɗaya to ki ajiye musu kayansu komai ƙyallinsa.

Na ga wani a intanet da ake kira Alphasax na kamfanin Trevor James a Ingila, don yara aka yi shi, alto ne sosai da bakinsa da komai amma an cire masa B da B filat na ƙasa da wasu maɓallan sama, an matso da sauran, nauyinsa ma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi alto na yau da kullum yana kai wajen kilo biyu da rabi. Ya burge ni, amma ni ba girma zan ƙara ba, hannun nan da shi zan mutu, in na sayi wanda babu waɗannan sautukan wata rana dole in sake sayen wani. Ga yaro ɗan shekara bakwai ko takwas kam ya yi. Yanagisawa na Japan kuma kowa yana cewa maɓallansa a tattare suke kusa da juna, na taɓa riƙe na wani baƙo da ya zo biki daga Legas, kai, kamar an auna hannuna aka ƙera, da na ji kuɗinsa sai na miƙa masa abinsa da hannu biyu.

A ƙarshe dai Yamaha YAS-275 na samu, na hannu, wanda YAS-280 ya maye gurbinsa. Mai sayarwar yana ta rantsuwa wai "Beljiyam ne wannan anti, ba a taɓa busa shi a Najeriya ba", ni kuma ina ta dariya a raina don ai asalin kakansu ma ɗan Beljiyam ne. Ban biya ba sai da na sa ya yarda na kai wa Baba ya duba, kuma na zauna na busa shi a tsaye da a zaune kusan awa guda, don hoto a waya ba zai gaya maka inda yatsanka zai tsaya ba.

Ko shi ɗin ma sai da aka yi masa aiki. Ƙugiyar da babban yatsan dama ke shiga tana da noti, Baba ya kwance ya ɗan karkatar da ita, nan take hannuna ya daina gogar maɓallan gefe. Ya sassauta sifirin na wajen ƙaramin yatsa, amma ya ce ba a sassautawa da yawa, in ya yi laushi sosai maɓallin G shaf sai ya riƙa mannewa ya ƙi tashi. Ya kuma ɗan lanƙwasa maɓallin D ɗin nan ciki kaɗan, ya ja min kunne kar in kuskura in gwada da kaina da filaya, tagulla ce, tana karyewa. Igiyar wuya ma na canza zuwa irin mai ratayawa a kafaɗu biyu kamar jakar 'yan makaranta, ashe rabin matse hannun da nake yi duk tsoron kar abun ya faɗi ne.

Ƙarar kyanwar nan ta tafi tun satin farko. B filat na ƙasa ne har yanzu muke 'yar tsama da shi, in na taho daga C shaf da sauri yatsan yana maƙalewa a tsakani, Baba ya ce in riƙa goga yatsan a gefen hancina ya ɗan samu maiƙo sai ya zame a kan 'yan rololin da ke tsakanin maɓallan, na ɗauka wasa yake, na gwada kuma ya yi aiki. Ranar Asabar zan koma wajensa ya ƙara duba min wannan wurin, in ya so in tafi masa da ƙosai.