Kesin da rumbun laftof: yadda nake kwashe hotuna a kan hanya

Sana'ata ɗaukar hoto ce a Birnin Kebbi, biki da suna da taro, kuma in lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo ba na zama gida. Aikin bakin gulbin Matan Fada ba a cewa a sake. Da an ba da alama, dubban masunta sun auka ruwa da homa da gora, kafin ka farga an fara fito da giwan ruwa ana kai wa sikeli. Duk abin da ka ɗauka yana kan memori guda, wato katin ajiyar kyamara, ɗan abin da bai fi kan babban yatsa ba.

Kyamarata mai megafiksel 24 ce, hoton RAW ɗaya (ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauko shi) yana cin kusan megabait 25. Memori mai giga 64 ke nan zai ɗauki hoto sama da 2,000, in ka haɗa da bidiyo kuwa kafin la'asar ya cika.

Ba na jigilar laftof. Abin da ke jakata kesin ne, ɗan kwanson da ake zura rumbun laftof (ma'ajiyar fayil ɗinsa) mai inci 2.5 a ciki ya koma na tafi-da-gidanka. Wutar USB ta ishe shi. Babban nan mai inci 3.5 sai da wutar bango mai bolt 12, ba na matafiyi ba ne. Da dare a masauki sai in jona waya da ɗan mahaɗin USB-C mai ramin memori, in jona kesin, in sa fawa bank ya riƙa ba su wuta, domin waya ita kaɗai sau da yawa ba ta iya tayar da rumbu mai juyawa. Akwai rumbunan da ke da batir da ramin memori a jikinsu, irin su WD My Passport Wireless Pro, sai dai tsada, ga wuyar samu a nan.

Inda nake dagewa shi ne abin da ake sa wa a cikin kesin ɗin. Rumbu mai faifai galibi yana juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai karatu dab da fuskar faifan. In ya suɓuce daga kan gado yana cikin aiki, sai dai haƙuri. SSD, wato rumbu marar faifai, ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ko mai giga 256 na hannu na fi son sa a kan rumbu mai faifai na tera guda, tunda rabin tafiyata a kan kabu-kabu ce. A tsara rumbun (a yi masa fomat) da tsarin ajiyar fayil na exFAT. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, bidiyon kamu ko na walima kuwa yakan wuce haka.

Sannan don Allah, abokan sana'a, a daina goge memori da zarar an ga kwafi ya kai ƙarshe. Ni sai na duba yawan fayil a ɓangarorin biyu, na buɗe hotunan farko da na ƙarshe na ga suna buɗuwa. Ko bayan haka memorin da ya cika ba na taɓa shi sai na isa gida na zuba a kwamfuta, sabo nake sa wa kyamara. Memori yana aljihun gaban rigata, kesin yana jaka cikin leda saboda ƙurar hunturu, don kada ɓarawon tasha ko ruwan gulbi ya haɗa ya tafi da su duka biyun.