Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman benye a garin ƙanƙara

A makon jiya na tsaya a inda muka bar Houston, ni da maiɗakina da ɗanmu, bayan guguwar Katrina ta 29 ga Agustan 2005 ta raba mu da New Orleans. Wani ɗan'uwa ya samar mini aikin tuƙi a Minneapolis, cikin jihar Minnesota da ke iyaka da Kanada, muka tattara ɗan abin da ruwa ya bar mana muka nufi can.

Batun sanyin garin na ajiye shi gefe, domin shi kaɗai ya isa kashi guda. Wani abin daban ne ya ba ni mamaki. Tun da na bar Kano na san kewar tuwon shinkafa da miyar kuka, na saba da ita har ta zama abokiyar zama. Sai ga wata sabuwar kewa ta taso mini, ta garin da ni kaina baƙo ne a cikinsa. Da asuba in na fito sallah, abin da raina ke nema shi ne benye da gahawar New Orleans.

Wanda bai taɓa zuwa can ba, benye ɗan'uwan fanke ne, sai dai murza ƙullun ake yi a yanka shi mai kusurwa huɗu, a jefa cikin mai mai zafi ya kumbura cikinsa ya zama holoƙo, a tsame a zuba masa garin sukari har ya rufe shi ruf. Guda uku ake kawowa a faranti. Shagon da ya fi suna shi ne Café du Monde, a bakin tsohuwar kasuwar Faransawa, daura da dandalin Jackson, kuma tun 1862 yake wurin. A zamanin da nake tuƙin tasi na dare ba a rufe shi, saboda haka ƙarfe ukun dare za ka tarar da mu direbobi, da mawaƙan da suka tashi daga aiki, da ma'aikatan asibiti, kowa gaban rigarsa fari fat. Ga Musulmi kuma wurin hutu ne. Abincin New Orleans akwai daɗi, amma tukunya nawa ce babu naman alade a ciki? Benye kuwa da man angurya ake soya shi, ka ci hankalinka kwance. A 1986 ma jihar Louisiana, wadda New Orleans ke cikinta, ta ayyana shi a matsayin soyayyen ƙullinta na hukuma, abin da har yau yake ba ni dariya.

Gahawar ce ta fi wuyar samu. Tasu ana haɗa ta da cikori, saiwar wani tsiro da ake gasawa a niƙa. Faransawa sun daɗe da sanin wannan dabara, mutanen New Orleans kuma suka rungume ta sosai lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da jiragen ruwan sojojin Arewacin ƙasar suka toshe musu tashar ruwa, gahawa ta yi ƙaranci. Yaƙi ya ƙare, harshe ya riga ya saba. Baƙa ce wuluk, mai ɗan ɗaci-ɗaci, ana zuba ta rabi, madara mai zafi rabi.

Na shiga neman su a Minneapolis. Wani shago ya rubuta benye a allonsa, aka kawo mini wani abu mai sanyi da aka ɗumama, an tsiyaya masa cakulan a kai. Wani wurin kuma cushe shi suka yi da ruwan 'ya'yan itace. Ban yi musu da kowa ba, na biya na fita. A ganina benye da ya huce ya tashi daga benye, kuma duk mai yi masa kwalliya bai yarda da ƙullinsa ba ne. Gahawar garin kuwa tsululu ce a babban kofin takarda, ana sha ana tafiya, babu mai zama. Somaliyawan unguwar Cedar-Riverside su suka riƙe ni da shayinsu mai kayan ƙamshi da sambusa, Allah ya saka musu. Kullum in na haye gada sai in leƙa kogin Mississippi, shi ne dai wanda yake wucewa ta bayan Café du Monde, amma a nan gefensa duk ƙanƙara.

Gahawar a inda ban zata ba na same ta. Na sauke wata fasinja a titin Nicollet, na shiga wani kantin 'yan Biyetnam neman barkono, sai ga gwangwanayen Café du Monde masu ruwan ɗorawa an jere su tun daga ƙasa. Na tsaya ina kallo kamar na ga ɗan unguwarmu. Ashe bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a 1975, 'yan Biyetnam da yawa a gabashin New Orleans aka tsugunar da su, wasunsu a Café du Monde suka sami aiki, kuma lallai yawancin masu kawo mana faranti su ne. Suka ga gahawar ta yi kusa da mai ƙarfin da suka baro a ƙasarsu, suka bazu da ita duk inda suka je a Amurka. Su da madara mai kauri ta gwangwani suke sha, ta ɗiga a hankali daga wani ɗan matacin ƙarfe. Na sayi iya kuɗin aljihuna.

Saura benye. A wajen sunan ɗan wani abokina muka haɗu da wata dattijuwa Bahaushiya 'yar Garwa ta Kamaru, wadda ta zo renon jikoki. Ta ji ina ba da labari, ta ce, "Ɗana, kai ma dai! Mu da muka tashi da benye da wake da kunu kowace safiya, shi ne kake yawon shagunan Turawa?" Na ce, "Hajiya, nasu daban ne, yanka shi ake yi." Ta ce, "Fanke ne ya je makaranta. Turo mini matarka."

Maiɗakina ta je. Fulawa, yis, ƙwai, madarar gwangwani, sukari kaɗan, ɗan gishiri, a kwaɓa da tauri, a bar shi ya kwana a firji. Hajiya ta nace sai mai ya yi zafi sosai, kuma a riƙa watsa masa man a kai da cokali har ya tashi. Da kwalba suka murza. Ranar Lahadin da aka fara soyawa a gidanmu ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka, maƙwabcinmu ya fito da rigar barci, ya koma da faranti. Ya yi daɗi ƙwarai, ban rage ko ɗaya ba. Maiɗakina ta ce, "Malam, to yanzu hankali ya kwanta?" Na ce ya kwanta. Ta dube ni ta ce ba ta yarda ba, wai ni ba benye nake nema ba, hanyar komawa nake nema.

Ba ta yi ƙarya ba. Tun watan Oktoban 2005 na ji an sake buɗe Café du Monde, domin tsohuwar unguwar Faransawa, inda shagon yake, tana kan tudu, ruwan da ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin bai cinye ta ba. Unguwarmu kuwa ya cinye. Ana cikin haka mai motar da nake tuƙawa a da ya bugo waya, ya ce direbobi sun yi ƙaranci, in ina so in dawo. Yadda muka kwashe da maiɗakina kan wannan waya, da abin da surukina ya ce daga Kano, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.