Kafin ka tsallaka da baƙo gadar Ngeli

Ƙarshen watan nan na miƙa makullin mota da littafin baƙi, na bar aikin jagora a Injamena bayan shekara tara. Ƙannena da kuka rage a aikin, ba zan tsaya kan tarbar filin jirgi da cinikin otal ba, kun fi ni saba wa waɗannan yanzu. Maganata a kan baƙon nan ce da yake cewa "kai ni inda ba a kai kowa". Shi ya fi daɗin aiki, shi ya fi sakin hannu, shi ne kuma zai iya raba ka da albashinka. Masallacin Sarki Faisal da gidan tarihi na ƙasa da babban dandali, hanyarsu a share take, kowane ɗan sanda ya saba ganin baƙo a can. Da zarar ka kauce daga nan, babu wanda ya share maka hanya. Takarda da izini da lokaci duk sun dawo wuyanka.

Kusuri, garin Kamaru da gadar Ngeli ta haɗa da namu, ita ce ta fi jan irin wannan baƙo, kuma da dalili. Duk wanda ya karanta tarihin garinmu ya san a ƙetaren kogi aka haife shi. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransawa uku, ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta Damagaram, ɗaya ta hauro daga Kwango, suka haɗu suka auka wa Rabe kusa da Kusuri. Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, a ranar ya faɗi. Kwamandan Faransawa Lamy shi ma bai kwana ba. Bayan 'yan makonni Gentil, jagoran rundunar da ta hauro daga Kwango, ya kafa sansani a wannan gaɓar ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973 lokacin da shugaban ƙasa Tombalbaye ya mai da shi Injamena. Baƙo in ya ji wannan labari a mota, abin da zai ce shi ne a je a gani. Ga garin can ana hango shi, tsohon garin ƙabilar Kotoko mai sarautarsa tun kafin a san za a yi wani birni a nan.

A nan kuskuren yake, kuma ni na yi shi. Mu 'yan gari ba ma ɗaukar Kusuri wata ƙasa. Da safe mutum zai tsallaka sayayya ko gaisuwar rasuwa, kafin azahar ya dawo. Kuɗin ɗaya ne, agogo ɗaya, Larabcin kasuwa ɗaya, dangi rabi nan rabi can. Wannan sabo shi yake rufe wa jagora ido, ya manta cewa ga mai fasfon waje gadar Ngeli iyaka ce cikakkiya, daidai da filin jirgi. Baƙon da na tsallaka da shi mazaunin Kamaru ne, takardarsa ta zama a can tana da kyau, don haka ɓangaren Kamaru babu wanda ya tsayar da shi. Abin da ban buɗe na duba ba shi ne bizarsa ta Chadi. Shiga ɗaya ce. Hatimin fita da aka buga masa da safe shi ya kashe ta. Da muka dawo bayan la'asar jami'i ya juya shafin, ya nuna mini layin da yatsa, ya miƙa masa fasfonsa. Jakarsa tana otal, maganin da yake sha kullum yana cikin jakar, jirginsa zai tashi da asuba daga Injamena. A Kusuri ya kwana. Jirgi ya tafi ya bar shi. Ƙarshe ta hanyar Waza da Mora ya bi zuwa Marwa, hanyar da ko ɗan gari ba ya binta da farin ciki, muka bi shi da kayansa daga baya.

Jami'in bai zalunce shi ba, wannan ku riƙe. Kada ka tsaya kana magiya ko kana laluben aljihu a gaban baƙo, ba abin da zai gyaru sai dai ya ƙara lalacewa. Gyaran yana daren jiya ne, a otal, lokacin da ya kamata ka karɓi fasfon da hannunka. Ba hotonsa a waya ba, ba kuma "ai ofis sun duba" ba. Ka buɗe shafin biza ka nemi layin shiga: in ka ga "une entrée" magana ta ƙare, sai in an rubuta "entrées multiples" ko shiga biyu. Ka duba ranar ƙarewarta. Ka duba hatimin rajistar 'yan sanda da ake buƙatar baƙo ya yi cikin awa 72 da saukarsa, domin mai fita ba tare da shi ba ya jawo wa kansa tambayoyi. Ka tabbata yana da izinin shiga Kamaru, kuma katin rigakafin shawara yana jikinsa, ba a ɗaki ba. Duk wannan bai kai minti biyar ba.

In takardu sun cika, ka tsallaka da sassafe, ka ƙudurta dawowa kafin la'asar, don gadar ba ta kwana a buɗe kuma layin manyan motoci yana iya cinye maka awa guda ba ka motsa ba. Motar kamfani ka bar ta a ɓangarenmu, tsallaka da ita wasu takardun ne daban, ka ɗauki abin hawa a can. Baƙo ya zuba maganinsa na kwana biyu a aljihu. Lambar otal da ta direba ka rubuta a takarda, saboda layin waya kan rikice a bakin iyaka. Kada kuma ka taɓa sa Kusuri a ranar ƙarshe ta baƙo. In wani abu ya tashi, kana son kwana biyu a hannunka. In kuwa bizar shiga ɗaya ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka zaunar da shi a farfajiyar otal mai kallon kogi da yamma, ka nuna masa ƙetare, ka ba shi labarin Rabe a tsanake. Filin yaƙin ma ba wani abin kallo ya rage a cikinsa ba, labarin ne kayan.

Wanda ya rubuta Kusuri a jadawalin wannan baƙo, ya karɓi kuɗinta tun kafin ya sauka, maigidanmu ne, kuma kwafin fasfon yana cikin durowarsa mako biyu. Da abin ya faru, albashina na wata uku aka yanka, aka kuma karanta sunana a gaban direbobi. Nawa laifin na ɗauka, ban buɗe fasfo ba. Nasa har yau ban ji ya ambata ba. Shi ya sa nake ce muku duk tafiyar da aka sayar ba da saninku ba, ku nemi a ba ku ita a rubuce, in kun ga matsala ku mayar da amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne. Maganar baka a ofis iska take bi.

Bayan takarda sai kyamara. Garin nan ya ga yaƙi a 1979 da 1980, ya ga na Fabrairun 2008, ya ga hare-haren bam na 2015 har cikin babbar kasuwa, don haka soja in ya ga an ɗaga waya ba kallon yawon buɗe ido yake yi mata ba. Fadar shugaban ƙasa, barikoki, filin jirgi, gadoji, shingen bincike, duk wanda ke sanye da kaki: babu hoto, ko daga cikin mota. Gaban fadar ma ba a tsayawa, ba a rage gudu ana leƙe. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, bai san wace katanga ce ta soja ba, kai ne za ka ce masa "sa waya a aljihu" tun kafin a sha kwana. Mai babbar kyamara ka nema masa takardar izinin ɗaukar hoto kafin ya fara, ka riƙe kwafi. Takardar kuma ba ta ba shi damar ɗaukar matar da ke tallar kifi ba. Wannan izinin a bakinta yake.

Wannan ya shafi dorina kai tsaye. Baƙi da yawa ba su yarda cewa a cikin babban birni ana ganin dorina ba sai sun gani. Da rani, in ruwan Shari ya ja baya rairayi ya fito, sukan bayyana, musamman da sanyin safiya da gab da magariba. Matsalar ita ce wurin da ya fi sauƙin hangensu yana kusa da gadar Shagwa, gada kuma ba a ɗaukarta. Ka sauka bakin ruwa nesa da gadar, ka tambayi masunta inda suka gan su a ranar, ka sa baƙo ya juya wa gadar baya. Kwalekwale kusa da dorina kada ka yarda, ko mai jirgin ya rantse maka, balle in akwai 'ya'ya. Kada kuma ku tsaya tsakanin dabbar da ruwa.

Gawi ita ce wurin da na fi alfahari da kai mutane, kuma ita aka fi ɓatawa da gaggawa. Kilomita goma ne kacal arewa maso gabas da gari, shi ya sa ake mai da ita tafiyar awa ɗaya: a sauka, a zaga tsohon gidan sarki na ƙasa da aka mai da gidan tarihi, a ɗauki hoton bangon da mata suka yi wa zane, a koma mota. Wanda ya yi haka bai ga Gawi ba. Garin na Kotoko ne, masu danganta kansu da mutanen Sao, waɗanda labarin kaka da kakanni ke cewa ƙattai ne, waɗanda kuma suke binne mamatansu cikin manyan tuluna. Irin waɗannan tuluna da 'yan gumakan yumɓu ne Lebeuf, Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, da abokan aikinsa suka riƙa tonowa a yankin tun zamanin mulkin mallaka. Abin da ke sa baƙo ya yi shiru shi ne ya ga wancan tulu a ɗakin tarihi, sa'annan ya fito ya tarar da mace zaune a ƙofar gida tana gina randa da hannu, ba tare da wata na'ura ba. Don ya ga haka sai ka aika tun jiya, ka isa kafin rana ta yi zafi, ka fara da gaisuwar manya kafin kyamara ta fito. Ku sayi wani abu ko ƙarami ne, kuɗin kuma a hannun wadda ta gina za a sa, ba a hannun yaron da ya yi muku rakiya ba. Ka zo da tsumma ko kwali na naɗe tukunya, in ba haka ba gargadar hanya za ta fasa ta kafin ku iso. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ka tambayi wanda ya fito daga can a ranar. Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa tana riƙe taya kamar danƙo.

Gidan tarihi na ƙasa ka kai baƙo can kafin Gawi, don ya san abin da zai gani. A can ne zai tambaye ka Tumai, ƙoƙon kan da aka tsinta a hamadar Jurab a 2001, wanda masu binciken suka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7. Ka faɗi abin da suka faɗa a matsayin nasu, ka ƙara da cewa sunan daga harshen Goran ne, ma'anarsa begen rayuwa, ka bar muhawara.

A kasuwa, ko babba ko kasuwar gero, ka koya wa baƙo lissafin riyal kafin ya buɗe baki. 'Yar kasuwa in ta ce "miya" ba sefa 100 take nufi ba, riyal 100 ne, wato sefa 500, kamar yadda muke lissafin dala. "Alif" sefa 5000 ne. Rabin rigimar da na raba a kasuwa daga nan ta taso, baƙo yana ganin an cuce shi, ita tana ganin ya raina ta. Ka shiga da shi layin busasshen kifin salanga da banda, ka sai masa karkanji, wato zoɓo, mai sanyi, naman raƙumi kuwa a inda ake gasawa a gabanku.

Sauran gajeru ne. Juma'a bayan hantsi kada ka shirya komai da ya shafi ofis, kada kuma ka nufi kewayen babban masallaci da mota. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, yawo ya tsaya ƙarfe sha ɗaya, a ci gaba bayan la'asar, ruwa kwalba uku ga kowane mutum. Kalando, wato babur ɗin haya, ba na baƙo mai jakar kyamara ba ne. Wanda ba Musulmi ba in yana son leƙa masallaci, kai za ka shiga ka nemo izini, shi ya jira a waje.

A cikin littafin da na miƙa akwai shafi na ƙarshe da na ja wa layi biyar: shiga, ƙarewa, rajista, Kamaru, shawara. Tun daga waccan rana ban tsallaka da kowa ba sai na cika su da hannuna, kuma cikin shekara shida da suka biyo baya ba wanda ya sake kwana a Kusuri ba da son ransa ba. Na ji an ce za a sake sabon littafi. Wanda ya gaji teburina, ka yage shafin nan ka ajiye.