Haƙori, dutse da ƙashin shanu: yadda ake binciken ruwan sha a ƙasar Damagaram

Maganar ruwa a Damagaram ba ta yau ba ce. Garin yana zaune bisa dutsen giranit, ga manyan duwatsun unguwar Birni ido na gani, kuma irin wannan dutse ba ya ajiye ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram, wato Zinder, zuwa Yamai a 1926, kuma har yau ruwan fanfon gari daga waje ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo-Macaya da Arunguza. Don haka in aka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙauye ruwa ya fito, guɗa ake yi, kuma da gaskiyar mutane. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta biyo bayan guɗar: me ke cikin ruwan? Wannan tambaya ta fi ƙarfin masani guda. Likita yana ganin abin da ruwan ya yi wa jiki, masanin ƙasa yana gane dutsen da ruwan ya kwana a ciki, masanin kayan ƙira irin su yumɓu da gawayi kuma shi ke haɗa abin tacewa. In kowa ya yi nasa a ɗakinsa, rahoto uku za a samu, yara kuma su ci gaba da shan ruwan.

Abin da ya faru a Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, ya isa a riƙa tunawa. An fara amfani da wani foraj a garin a 1985, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Bayan shekaru yara suka fara tasowa da haƙora jajaye, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu suka lanƙwashe. Da aka auna, sinadarin fuloraid da ke ciki ya ninka ƙa'ida sau uku zuwa huɗu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ce a lita ɗaya. A ganina ma wannan adadi ya yi mana yawa, domin mutumin da ke cikin zafin watan Afrilu a nan yana shan ruwa fiye da na ƙasashen sanyi nesa ba kusa ba, kuma abin da ke cutarwa shi ne jimillar abin da ya shiga jiki a yini. Indiya, mai zafi irin namu, ta sa 1.0 a matsayin abin da ake so.

Aikin likita daga bakin yara yake farawa. Fuloraid yana ɓata haƙori ne lokacin da yake ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Babban da ya zo gari da girmansa ba zai nuna komai a haƙoransa ba ko ya shekara goma yana sha. Shi ya sa ake zaɓen yara ƴan shekara 8 zuwa 12 waɗanda aka haifa a ƙauyen suka tashi a nan, a tambayi uwa rijiyar da gidan ke ɗiba tun yaron yana goye. Ana zaunar da yaro cikin hasken rana, a share haƙoran da ƙyalle mai tsabta su bushe, a duba. Alamar farko fararen ɗigo ne kamar an goga alli. In abin ya yi gaba sai launin ƙasa-ƙasa, daga nan sai ƙananan ramuka. Ana ba kowane yaro mataki bisa ma'aunin Dean, likitan haƙorin Amurka da ya tsara shi tun shekarun 1930. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar jan goro ko na fure a matsayin ciwo. Wannan a sama yake, ana kankare shi. Tabon fuloraid a cikin jikin haƙori yake, kuma yana fitowa dama da hagu iri ɗaya. Haka gwamen ƙafa: ƙarancin kalsiyum da bitamin D ma yana kawo shi, sai hoton ƙashi ya raba gardama.

Likita mai lura ba ya tsayawa kan ruwa kaɗai. Ganyen shayi yana ɗauke da fuloraid. A Tanzaniya an gano cewa magadi, ɗan'uwan kanwarmu, yana ƙara wa yara tabon haƙori ko a inda ruwan bai yi tsanani ba. Mu da kanwa ke shiga kunu da miya da wake, ya dace mai bincike ya sayi ƴan dunƙule a kasuwa, ya rubuta inda aka haƙo kowane, ya kai su awo tare da ruwan.

Masanin ƙasa kuwa taswira yake nema. Kowace rijiya da foraj a ɗauki wurinta da GPS, a rubuta zurfinta, shekarar haƙa, da irin ƙasar da aka ratsa in takardar masu haƙa tana nan. Ma'adanan da ke cikin giranit, irin su fulorit da apatit da baƙar mika, su ke sakin fuloraid a hankali. Ruwan da ya daɗe kwance a tsaga mai zurfi, mai ƙarancin kalsiyum, mai ɗan kanwa-kanwa, shi ne abin tsoro, domin kalsiyum ne ke kama fuloraid ya hana shi yawa a ruwa. Wannan ne ya sa foraj biyu a ƙauye ɗaya za su iya bambanta ƙwarai: kowane da tsagar da yake sha. Ba a auna ɗaya a yanke wa ɗayan hukunci.

Ɗiban samfur ma yana da ƙa'ida, kuma a nan bincike da yawa ke lalacewa tun kafin a isa ɗakin gwaji. A fara buga fanfon na wasu mintoci ruwan da ya kwana a bututu ya fita. Na fuloraid a gorar roba ake zubawa, ba kwalba ba, a ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar, kuma yana iya jira har kwana 28. Na ƙwayoyin cuta ba ya jira: gora da aka kashe wa ƙwayoyi, cikin ƙanƙara, a kai shi cikin awa shida, in ya wuce yini ɗaya a zubar. Na nitrat a sanyaya, a auna cikin kwana biyu. A ɗiba sau biyu a shekara, ƙarshen rani da bayan damina. A ɗakin gwaji, in da na'urar lantarki mai gane fuloraid ake aiki, dole a haɗa samfur da ruwan TISAB, wani haɗin sinadarai mai sakin fuloraid ɗin da ya ɓuya, daidai wa daida. In aka manta, alminiyum da ƙarfen da ke cikin ruwan suna ɓoye fuloraid, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a ce wa mutane ruwansu lafiya lau.

To in an samu ya wuce ƙa'ida fa? Abu na farko da ya kamata kowa ya ji: tafasawa ba ta fitar da fuloraid, sai ma ta ƙara masa kauri tunda ruwa ne ke tashi tururi. Ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ma ba ya taɓa shi. In akwai wata rijiya mai kyau kusa, a mayar da sha da girki can, a bar wannan wa wanki da dabbobi, ko a gauraya biyun har awo ya sauka. In babu, sai tacewa, kuma abin da ya fi dacewa da mu shi ne gawayin ƙashi, wanda aka daɗe ana aiki da shi a Nakuru ta ƙasar Kenya. Ƙashi yana da ma'adanin da ke kama fuloraid, kamar dai yadda haƙorin yaro ke kama shi.

Ƙashi kam muna da shi a kwata. A ɗauki na shanu ko raƙuma da aka yanka bisa shari'a, kuma a nuna wa liman da mai gari inda ya fito tun farko, don in jita-jitar mushe ta shiga gari ba mai sake sha. A cire nama da kitse, a shanya ya bushe. Sai ƙonawa a rufaffen murhu ko tanderu mai ƴar iska kaɗan, a zafin digiri 300 zuwa 500. Duk sirrin yana nan. In wuta ta yi kaɗan, maiƙo da ɓargo ba su ƙone ba, ruwan zai fito rawaya-rawaya da ƙarni, iyali su watsar da matatar a kwana biyu. In ta yi yawa ko iska ta shiga, ƙashin ya koma fari fat kamar alli, ƙananan ƙofofinsa sun toshe, ba ya kama abin kirki. Wanda ake so baƙi ne mai sirkin toka. A fasa dunƙule a duba cikinsa, kada a yarda da launin waje. A ware fari, a mayar da ɗanye wuta. Daga nan a daka, a tankaɗe da rariya biyu, a riƙe tsakin da ke tsakanin rabin milimita da milimita 2. Gari mai laushi yana toshe matata, manyan ɓarɓashi kuma ruwa yana wuce su bai taɓu ba. A wanke har ruwan wankin ya washe.

Ana zuba shi a bokiti mai ƴar fanfo a ƙasa, ruwa ya shiga ta sama ya zauna da gawayin aƙalla minti 20 zuwa 30. Ga lissafi na misali. A ce gida yana shan lita 20 a yini har da girki, ruwan yana da miligiram 5 a lita, ana so a sauke shi zuwa 1. Miligiram 80 ke nan za a cire kullum. In aka ƙaddara kowane giram na gawayi zai kama miligiram ɗaya da rabi, kilo 8 zai kama 12,000, wato kwana 150, wata biyar. Bayan nan gawayin ya ƙoshi, kuma babu abin da zai nuna: ruwan garau yake kamar ranar farko. Wannan shi ne babban haɗarin matatar, ya fi ƙarni da toshewa, domin uwa tana ba ɗanta ruwan da zuciya ɗaya. Ana iya farfaɗo da gawayin da ruwan sodar kostik, mai ƙona fata, mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari, amma aikin ma'aikaci ne mai safar hannu, ba na tsakar gida ba.

Rijiyoyin cikin gari marasa zurfi nasu ciwon daban ne: ƙwayoyin zawo da nitrat daga shaddodi. Ana cewa a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma a dutse mai tsaga ƙazanta tana bin tsagar ta wuce haka. Iyakar nitrat miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ƴan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Ga ƙwayoyin cuta, tukunyar tacewa ta yumɓu tana aiki, kuma maginan Mirriya suna da hannun da za su iya ta. Ana cuɗa yumɓu da tankaɗaɗɗen garin katako ko ƙaiƙayi, a gasa a wajen digiri 850 zuwa 900, garin ya ƙone ya bar ƙofofin da ido ba ya gani. Gashin fili da kara da kashin shanu ba ya ba da zafi bai ɗaya, sai an gina tanderu. Kowace tukunya a jiƙa ta, a cika, a auna: in ta ɗiga lita ɗaya zuwa uku a awa ta yi, in ta wuce haka akwai tsaga, a fasa ta kada ta shiga kasuwa. Amma wannan tukunya ba ta cire nitrat, ba ta cire fuloraid.

Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ke neman abin rubuta kundi suna da aiki a nan da za a yi da kaya kaɗan. Ɗalibin ilimin ƙasa da na lafiya da na kimiyya su ɗauki karkara guda tare, lambar rijiya ɗaya a takardunsu duka uku, yadda haƙoran kowane yaro za su hau kan rijiyarsa a taswira. Inda aka raba matatu kuma, a rubuta ranar zuba gawayi da fenti a jikin bokiti, a dawo da na'urar awo duk wata biyu, a canza gawayin da zarar ruwan da ke fita ya kai 1.5.