Naira 9,000 da ta cinye mini kuɗin riɗi

Har yau idan na ji ƙaurin roba, ko da bola ce yara suka cinna wa wuta a bayan gari, sai gabana ya faɗi. Irin ƙaurin da na shaƙa kenan wani daren Alhamis a Disambar 2023, a ɗan shagona na cajin waya, kwana 19 kacal da haɗa kwamfutar gem da na yi shekara biyu ina mafarkinta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ringim da Taura. Kuɗin kuwa na riɗi ne, wanda na kai Gujungu ranar Lahadi, sai ɗan abin da na tara na caji. A lokacin dala kullum hawa take yi tun da aka saki naira a tsakiyar shekarar, farashin da aka gaya maka yau ba shi za ka tarar jibi ba. Shi ya sa kuɗi na shiga hannuna ban kwana biyu ba na hau mota sai Kano.

Lissafin kayan na daɗe da gama shi, na yi watanni ina kallon YouTube da datar dare. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 3600 ta hannu, madabod (allon da ake jona komai a kai) B450, RAM (ma'ajin wucin gadi) DDR4 mai 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, sai ma'ajin fayiloli SSD mai 512GB. Waɗannan duk ba su ba ni wahala ba, kuma uku daga cikinsu suna nan suna aiki har gobe. Inda na zuba hankalina gaba ɗaya shi ne katin girafik, mai zana hoton gem a kan allo. RX 580 mai 8GB nake so, kuma na san tarkon da ke cikinsa. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna ƙuna dare da rana suka cika kasuwa. Ga kuma wani mai irin sunan, 2048SP, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da na RX 570. Sai da na sa mai shagon ya ɗora katin a kan tasa kwamfutar, muka buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati na ga 2304 da idona, lambar RX 580 na gaskiya, ba 2048 ba, muka sakar masa manhajar gwaji ta FurMark rabin awa ina tsaye ina kallon zafinsa. Ya yi lafiya lau. Na biya 110,000 ina jin kaina wani gwani, wanda ba a yi wa wayo.

Ina sa katin a jaka mai shagon ya ce, "Ɗan'uwa, wannan katin fa yana da ci. Kada ka haɗa shi da ƙaramin fawa-fak." Fawa-fak shi ne akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. Na ce masa na sani. Wallahi na ce na sani.

Abin da ya rage a aljihuna bai kai 30,000 ba, ga kes, gidan da ake jera kayan a ciki, ban saya ba, ga kuɗin mota. Fawa-fak mai suna, mai tambarin 80 Plus na rashin ɓarnar wuta, an ce mini 55,000. A wata rumfa can gaba na ga wani sabo fil a kwali, an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, 9,000. AMD da kansu 500W suka ce a sa wa RX 580. Na ce to ai shi kenan, 500 ai 500 ce, wuta ce kawai yake rabawa, ba shi ke buga gem ba. Ko a hannu da na ɗaga shi na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, amma na ce ƙila sabuwar fasaha ce. Ba shi da wayar nan mai baki 8 da ake soka wa katin, sai yaron rumfar ya miƙo mini wata 'yar adafta da ke haɗa ƙananan filogin Molex biyu ta mayar da su baki 8, ya ce kowa haka yake yi. Na ƙara masa 1,500. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, ni dai na rufe ido ne.

Ranar da na kunna ta, shagon nan bai ɗauki mutane ba. Yaran da suka saba buga ƙwallo a waya suka ga ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya a gem ɗin ƙwallo na FC 24, har da masu salati. Kawuna ya leƙo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu kai riɗin naka ne wannan?" Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya girgiza kai ya ce Allah ya sa alheri, ya wuce.

Kwamfutar ta yi ta gaya mini akwai matsala, ni ne ban saurara ba. Idan ƙwallo ake bugawa sai ta yini lafiya. Amma da na shiga GTA V, mota ta fara gudu, 'yan sanda suka biyo ni, sai ɗif, ta mutu kamar an zare filogi, ta sake tashi da kanta. Na ɗora wa janareta laifi. Na ɗora wa RAM, na ciro su na goge na mayar. Na ɗora wa ƙurar hunturu, na cire murfin kes na kafa mata fankar tebur. Har Windows na sake sawa, aikin da ya cinye mini dare biyu da data mai yawa, don sabis ɗin garinmu sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Abu ɗaya ne ban taɓa zarga ba, wato akwatin 9,000 ɗin nan da ke kwance a ƙasan kes, ga shi kuma idan ka kai hannu bayansa iskar da ke fita kamar ta bakin tanda.

Daren Alhamis ɗin, an kawo wuta bayan isha'i, irin mai raunin nan da ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. Fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayu, don haka na kashe janareta na koma kanta ina murna. Ƙanena ne ke riƙe da fad, abin buga gem ɗin. Ban fi minti 20 ba sai na ga ƙwan ya yi fau, ya haske shagon, sai ƙara tas daga cikin kes, sai hayaƙi siriri. Ƙanena ya jefar da fad ya ce, "Yaya, wallahi ba ni ba ne!" Na san ba shi ba ne. Wayoyin mutane sama da 30 da ke kan caji babu wadda ta yi ko tari, cajojin China na naira dubu-dubu duk sun tsira, sai abin da ya fi komai tsada a shagon.

Ranar Asabar na naɗe ta a bargo na koma Kano wurin wani dattijo mai gyara. Bai ma fara da kunna ta ba. Ya kwance fawa-fak ɗin, ya auna shi a tafin hannu, ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya juya gefen da takardar take ya sa yatsa a kan wani ƙaramin layi da ban taɓa karantawa ba.

"Karanta mini nan, yaro."

Na ce, "12V, 18A."

"To buga 12 sau 18."

Na buga a waya, wat 216.

"Wannan shi ne abin da ya ce zai iya ba katinka da furosesarka, in ma gaskiya ya faɗa. Dukkansu daga layin 12V suke sha. 500 ɗin can da ka gani ado ne."

RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185 idan ya ɗau zafi. Ryzen 5 3600 an rubuta mata 65, amma tana iya kaiwa 88. Ka ga 273 kenan tun ba a ƙirga fankoki da sauran tarkace ba. Wato kwana 19 jakin nan yana ɗauke da kayan raƙumi, duk mutuwar da take yi a GTA kukan neman agaji ne. Ya buɗe cikinsa ya nuna mini guraben da ya kamata a ce akwai abubuwan tace wuta da kariya, an bar su fayau, wani wurin ma waya kawai aka gitta. Na kirki, in ji shi, idan wuta ta yi tsalle yakan kashe kansa, in ta ƙi ma ya mutu shi kaɗai. Irin nawa kuwa sai ya tafi da maƙwabta. Adaftar Molex ɗin ma ta narke a baki, baki 8 an yi shi ne don ɗaukar wat 150, waɗancan siraran wayoyin ba aikinsu ba ne.

Katin ya tafi. Madabod ta tafi. Furosesa da RAM da SSD Allah ya tsare. Na zauna a kan bencinsa ina lissafin 46,000 da na ƙi ƙarawa, da abin da ya fi 150,000 da ya ƙone. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, rabin awar nan ce da na yi a tsaye ina gwada kati da FurMark, alhali karanta layi ɗaya a jikin fawa-fak bai kai minti ɗaya ba.

Wata shida babu kwamfuta. Sai da na sayar da ragon da na yi kiwo gab da Babbar Sallah ta 2024 na sake komawa. A wannan karon fawa-fak na fara saya, kafin in kalli komai. 550W, 80 Plus Bronze, na juya takarda na ga layin 12V ya haura 40A, wayar baki 8 tana fitowa daga cikinsa ba ta adafta ba, kuma an rubuta yana karɓar wuta daga 100 zuwa 240V. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu bidiyon Amurka da Ingila za su taɓa faɗa maka, don su ba su san wutar da ake cewa 230 ce ta zo maka a rabi ba. Su lissafinsu kati ne farko, fawa-fak a ƙarshe da canjin da ya rage, ni ma haka na kwaikwaya ina zaune a ƙauyen da tiransifoma ɗaya ke ɗauke da gari guda. Bayan shi na sayi sitabilaiza, sannan madabod, sai abin da ya rage na ce kati ya shiga ciki ko ya haƙura.

GTX 1660 Super na hannu na samu. 6GB ne, bai kai wancan yawan ma'aji ba, amma wat 125 yake ci, kuma a 1080p bai gaza RX 580 ba, ya ma ɗara shi a yawancin gem. Wat 60 da ka rage ba wasa ba ne ga mai sayen fetur da kwalba, kuma a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, katin da ba ya ƙuna sosai shi ne abokin tafiya. Da ina da hankalin yau a 2023, da Ryzen 5 5600G zan saya, mai girafik a cikinta, in haɗa da fawa-fak na kirki, in lallaɓa da eFootball da ƙananan saiti har riɗi na gaba ya kawo kati. Amma a lokacin wa zai gaya mini? An ma gaya mini.

Yanzu kan sola nake ɗora ta da rana. Nan ma sai da na tambayi dattijon kafin in jona, ya ce in tabbatar inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, wadda ake kira fiyo sayin, don irin waɗannan fawa-fak ɗin ba sa shiri da ƙananan inbatocin nan masu araha, sai ka ji suna kuka ko su kashe kansu. Wutar gari kuwa, ko ta sitabilaiza, idan na ga ƙwai ya fara ja kashewa nake yi, yara su yi ta gunaguni. Duk Juma'a cikin hunturu ina fito da kes waje in busa mata iska, in riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwar babata daga Gumel ya turo mini jerin kayan da zai saya ta WhatsApp. Kati mai kyau, kes mai fitilu kala-kala har da gilashi, RAM ma mai walƙiya. Can ƙasa ya rubuta "fawa-fak, duk wanda aka samu". Ban ba shi amsa a rubuce ba. Tsohon fawa-fak ɗin nawa yana nan a kan kantar shago, na hana a jefar, yara ma sun sa masa suna Ɗan Tara. Na ɗau hoton takardar jikinsa da narkakkiyar adaftar na tura masa, na ce ya buga 12 sau 18 ya kira ni. Bai kira ba tukuna, amma na ga ya goge kes mai gilashin daga jerin.