Ƙarar da ke bin wayar batir

A watan Maris na haɗa wa baffana sola a gidansa da ke Garwa, domin idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a lokacin zafi, wuta takan yi wuya a gari. Na ɗora farantai biyu a rufi, na ajiye batir a zaure, na ja waya mai tsawon mita 5 zuwa na'urar daidaita caji. Washegari bayan azahar ya aiko a kira ni, ya miƙo mini rediyonsa, ya ce: "Ɗana, me ka sa mini a gida? Tun da rana ta take, ban ji labarai ba sai zuuu."

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wutar batir, tun da hanya ɗaya take bi, ba ta da hayaniya. Amma na'urar caji tana yanka wutar sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma ƙarar wannan yankan takan bi waya ta fita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta CISPR 32, wadda ta shafi kayan lantarki irin su kwamfuta da talabijin, ta ƙayyade irin wannan ƙara daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, inda rediyon gajeren zango yake, sai dai a bakin soket ɗin wutar gari ake auna ta. Dokar Amurka ma ta ɗauke wa kayan da ke aiki da batir kaɗai wannan awon.

A ganina, an yi wannan sassauci ne da tunanin wayar batir gajera ce, kamar ta cikin tocila. A gidajenmu kuwa ba haka ba ne. Tashar da Baffa ke kamawa da rana tana zangon mita 19, kuma rubu'in wannan tsawo kusan mita 5 ne. Wayar da tsawonta ya kai rubu'in zango kuwa takan yi aiki kamar eriya, wato da hannuna na kafa masa eriya mai watsa ƙara. Masu ƙera motoci sun daɗe suna auna layin batir a ƙarƙashin ƙa'idar CISPR 25, kuma a 2015 aka shigar da ɓangaren farantai na inbatocin sola (na'urorin da ke mayar da wutar farantai irin ta gari) masu haɗuwa da wutar gari cikin ƙa'idar CISPR 11. Ƙananan na'urorin da ke cika kasuwarmu su ne suka fi buƙatar awon.

Na murɗe wayoyin biyu wuri guda, na naɗa su sau uku a zoben ferait, wato zoben da ke danne irin wannan ƙara, da na ciro daga tsohon kebul ɗin kwamfuta. Ƙarar ta ragu sosai, amma har yanzu idan lokacin labarai ya yi, Baffa yakan ɗauki tabarmarsa ya koma gindin darbejiya a ƙofar gida.